Ɗigon Gam a Gilashin Gaba

Ranar da ɗansa ya karɓe makullin motar, Tsohon Direba bai yi faɗa ba, kuma wannan shi ya fi tayar wa matarsa hankali. Mutumin da in aka canja wa takalminsa wuri sai maƙwabta sun ji labari, ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

A ganinsa laifin bai taka kara ya karya ba. Suna dawowa daga kasuwa da yamma, shi da ita, ya hau kan wani babur da aka ajiye a bakin titi. Ba kowa a kan babur ɗin. Fitilar motar ta hagu ta fashe, mai babur ya fito daga shagon aski da rabin kai a aske yana kumfar baki, aka ba shi haƙuri, aka gyara masa abinsa. Direba ya ce rana ce ta kashe masa ido. Matarsa ba ta ce rana ce ba, ba ta kuma ce ba rana ba ce. Suna isa gida ta shige kicin ta kira ɗansu a waya, tana magana ƙasa-ƙasa, sai ka ce yau ta fara zama a gidan da bangonsa ba ya riƙe magana.

Ɗan nan nasu tun yana ƙarami ake kiransa Manaja, saboda son ba da umarni, kuma sunan ya bi shi har ya zama manajan gaske a wani kamfani. Washegari ya zo da kwat ɗinsa da jakar hannu, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa da irin ladabin nan da ke zuwa gabanin mugun labari.

"Baba, mu je a duba idon nan."

"Wane idon?"

"Naka. Likita zai haska ne kawai ya gani, ba wani abu ba."

"Idon da ya ciyar da kai? Idon da ya yi ta jan bas cike da mutane tun ba a haife ka ba, bai taɓa zubar da jinin ko kaza ba? Shi zan kai wa yaro sa'anka ya haska?"

"To in ba za ka je ba, Baba, ka yi haƙuri, makullin zai zauna a wurina."

Haka aka yi. Motar ta koma ƙarƙashin tamfol a tsakar gida, daidai saitin tagar ɗakinsa, kamar da gangan. Kullum ya buɗe labule ita yake fara gani. Manaja ya ce duk inda za su je a yi masa waya zai turo mota, kuma yana turowa, da wani direba mai taka birki kamar yana kashe kunama. Tsohon ya shiga sau ɗaya aka zaunar da shi a baya, bai sake shiga ba.

Direba ba wawa ba ne. A can ƙasan ransa ya san dalilin da ya sa yake gudun likita. Muddin ba a faɗa ba, laifin na tabarau ne da ba ya goguwa, da ƙwan lantarkin zamani da ba shi da ƙarfi, da masu buga jarida da suka koma rubutu kamar sawun tururuwa. Ranar da likita ya buɗe baki kuwa, shi ke nan, magana ta zauna. Haushinsa ma ba a kan Manaja ya fi sauka ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ita ce ta yi wayar. Abinci in ta kawo yana ci, gaisuwa in ta yi yana amsawa, amma hirar da suke yi bayan cin abinci ya naɗe ta ya ajiye.

Ana nan sai ga Manaja wata Asabar da kwali a hammata. A jikin kwalin hoton mota ne, irin ta tsakar gida sak, har launin.

"Baba, ga abin da zai ɗebe maka kewa. Haɗa ta ake yi da hannu, ƙwaya-ƙwaya. Manya ma suna yi, wani abokin aikina kabad guda ya cika da su."

Direba ya buɗe kwalin. Rassan roba ne a jere, kowane reshe ɗauke da 'yan ƙananan abubuwa, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ya shafa su da yatsa, ya ji taya, ya ji sitiyari, ya ji 'yar ƙofa. Ya ture kwalin gefe.

"Wato ka ƙwace mini doki, ka kawo mini dokin kara."

"Haba Baba, ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi. To tsaya mu yi magana irin ta manya. Abin nan makaho zai iya haɗa shi?"

Manaja ya yi dariya. "Ni da nake da ido biyu ma ban yi alkawari ba."

"In na haɗa ta tsaf, komai a muhallinsa, ba wanda ya kama mini, za ka dawo mini da makullina?"

Manaja ya dubi mahaifiyarsa da ke tsaye a bakin ƙofa, ya dubi tarin robar, ya ga abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Shi ya sa ya yi saurin amsawa. "In ka haɗa ta ba kuskure, Baba, makullinka ne."

"Maman Manaja, kin ji dai. Ke ce shaida, tunda kin iya kai rahoto."

Ta juya ta koma kicin.

Ya jawo tebur ya kai shi gindin taga, inda hasken hantsi ke zuba. Ya ɗauko farantin ƙarfe mai baki don kada wani abu ya gangara, da abin yanke farce, da matsefata, da tsinken sakace, da wani gilashin ƙara girma da ya daɗe a durowa. Takardar bayanin da ta zo a kwalin ya duba ta sau ɗaya ya ture. Wa zai koya masa inda inji yake zama? Mutumin da ya sha kwance irin wannan injin a bakin hanya, ruwan sama na dukansa, fasinjoji na zaginsa?

Abin da ya gano tun a makon farko ya faranta masa rai, ya kuma ɓoye shi. Kusan kowane abu a motar nan yana da ɗan haƙori, kuma kowane haƙori yana da raminsa. In ka laluba da yatsa ka ji ramin, ka ɗiga gam, ka tura, sai ka ji ya zauna ƙyas. Ido kusan ɗan rakiya ne. Yatsun Direba kuwa sun san mota kamar yadda harshe ya san baki. Ya haɗa inji, ya ɗora shi a kan ƙashin motar, ya sa salansa, ya jera tayoyi yana murza su ya ji ko suna juyawa. Ya sa kujeru, ya sa giya, ya sa birkin hannu yana mita cewa masu ƙerawar sun gajarta shi. Jikin motar ya zo da launinsa, don haka bai sha wahalar fenti ba. Wata rana ya kama kansa yana 'yar waƙa yana aiki, ya yi maza ya haɗiye ta, don kada a ji daga kicin a ɗauka ya huce.

Da ya iso kan gilasai sai gam ɗin kwalin ya ƙare. Adireshin shagon da aka sayo motar yana jikin kwalin, ya sa hula ya fita a ƙasa. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ba zai san ƙasƙancin da ke cikin wannan ba. Titin da ya sani daga sama, yau ga shi a gefensa yana rakuɓe da kwata, motoci na watsa masa iska. Wajen tsallakawa wani yaro a ƙaramar mota ya danna masa hon, ya leƙo da kai ya ce, "Baba a riƙa duba hanya mana!" Direba ya tsaya a tsakiyar titi ya bi shi da zagin da rabonsa da shi tun yana tasha. Motar da ta kusa taka shi kuwa bai ga tahowarta ba, sai ƙararta ya ji.

Shagon yana saman bene, a ƙarshen layin masu sayar da littattafai. Mai shagon wani ƙato ne mai sanyin murya, ana ce masa Mai Kwalaye. Da ya ji inda aka kai a aikin sai ya ajiye abin da yake yi.

"Gilashi ka iso, Baba? To nan ake yin ta. Ga wannan farin gam ɗin, shi kaɗai za ka kai kusa da gilashi. Fari ne in ka ɗiga, in ya bushe ya koma kamar ruwa. Matsalarsa ɗaya, ba ya sauri. Sai ka riƙe, ka yi haƙuri."

"Ina da sufa gulu a gida. Shi ai nan take ne."

"Kai, kai, Baba, ka rufa wa aikinka asiri. Wannan ko taɓa gilashin bai yi ba, tururinsa kawai ya isa. Ka kwanta da gilashi garau, ka tashi ka tarar ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari, kuma ba ya goguwa. Mutane nawa suka zo nan kamar su yi kuka. Musamman wajen madubin ciki, nan yake cin kowa."

Direba ya ce ya ji. Ya sayi farin gam, ya kuma sayi wani murfin roba mai haske kamar gilashi, wanda ake kifawa a kan mota in an gama don kada ƙura ta taɓa ta. A ransa har ya ga yadda zai ɗage murfin nan a gaban Manaja.

Gilasan gefe ba su ba shi wahala ba, suna da bakin da suke zama. Sai aka zo kan madubin ciki, wanda direba ke duba baya da shi. Ɗan abu ne mai siririyar ƙafa, duk girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, kuma a jikin gilashin gaba ake manna shi, ta ciki, a sama, daidai tsakiya. Direba ya juya gilashin a tafin hannunsa yana laluben rami. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Santsi kawai. Ba haƙori, ba rami, ba ko ɗan tabon da yatsa zai kama. A duk motar nan, wannan ne kaɗai abin da aka bar wa ido.

Ya auna tsakiya da zare, ya ninka, ya riƙe wurin da farce. Ya ɗiga farin gam da tsinke, ya ɗauko madubin da matsefata ya ɗora, ya riƙe. Ya riƙe har kafaɗarsa ta fara zafi. Ya saki. Da ya kai yatsa ya taɓa, madubin ya kwanta a gefe cikin gam. Ya goge da tsumma mai laima ya sake. Wannan karon ya tsaya, amma a karkace, yana kallon kujerar fasinja. Na gaba ya zame ya faɗa faranti. Da gam ɗin ya fara bushewa ya koma kalar ruwa, sai ya rasa inda ya ɗiga shi gaba ɗaya, gilashi da gam suka zama abu guda a idonsa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya matso da tebur har ya bugi bango, ya zagi wanda ya dasa bishiyar da ke tare masa haske, alhali shi ya dasa ta.

A tsakiyar wannan makon Manaja ya yi waya. Ya ce makanike ya ce mota in ta daɗe a tsaye lalacewa take yi, kuma akwai wani mutumin kirki da ke son ta. Zai zo ranar Asabar su yi magana.

"Ka zo," in ji Direba. "Ka zo da makullin a aljihunka."

Ranar Alhamis madubin ya yi tsalle daga bakin matsefata ya bar teburin. Direba ya ji ƙarar faɗuwarsa, 'yar ƙaramar ƙara, amma bai san ta ina ba. Ya sauka a kan gwiwoyinsa, dattijo da furfurarsa, yana shafa siminti da tafin hannu. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe tabarma, ya tattaro ƙasa da zare da ɓawon gyaɗa yana murzawa ɗaya bayan ɗaya. Yana cikin haka ya ji tafiyarta. Ta tsaya a kansa jim kaɗan, ta sunkuya kusa da gwiwarsa ta dama, inda ya shafa ya fi a ƙirga, ta ɗauki wani abu ta ajiye a cikin faranti. Ta fita abinta. Da ta yi masa dariya ma da ya fi masa sauƙi.

Juma'a da la'asar haske ya fara ja da baya, madubi bai zauna ba. Komai na motar ya kammala, jikinta na gefe yana jiran gilashin gaba kawai. Direba ya zauna yana kallon durowa. Ya san abin da ke ciki, ya kuma san abin da Mai Kwalaye ya ce, kunnensa ya ji sarai. Amma mai shago ai yara yake yi wa magana, masu matsa kwalba kamar suna zuba miya. Shi kan tsinke kawai zai tsoma, abin da ko sauro ba zai jiƙa ƙafa da shi ba, kuma a ƙafar madubin zai sa, ba a gilashin ba. Ɗigo ɗaya wane tururi gare shi?

Ya buɗe durowar. Warin gam ɗin ya soki hancinsa. Ya tsoma tsinke, ya taɓa ƙafar madubin, ya nemo tsakiya da farce, ya ɗora. Kafin ya sauke numfashi ya kama. Ya taɓa da yatsa a hankali, yana nan ƙyam, a miƙe, yana kallon inda ya kamata ya kalla. Ya ɗaga gilashin saitin taga ya duba, bai ga wani fari ba. Dariya ta kuɓuce masa. Nan take ya zaunar da gilashin a jikin motar, ya kifa jikin a kan ƙashinta har ya ji ƙyas ta ko'ina, ya ɗora ta a kan ɗan katakon da ya zo da ita a kwali. Don kada ko ƙwayar ƙura ta sauka kafin gobe, ya kawo murfin nan ya kifa, ya danna gefe-gefensa ya tabbata iska ba ta shiga. Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Da safe ta shigo shara kamar kullum. Yana zaune a bakin gado yana sa maɓallin riga, ya ji tsintsiyar ta tsaya a gindin tebur. Ta daɗe a tsaye.

"Yaya, kin ga aiki?" Wannan ce magana ta farko da ya yi mata da sakin fuska tun ranar babur.

"Na gani," ta ce, ta ci gaba da shara.

Manaja ya iso da hantsi. Bayan gaisuwa Direba bai bari ya zauna ba, ya ja shi har gaban tebur, ya kira matarsa ta zo ta tsaya, tunda ita ce shaida. Ya sa hannu biyu ya ɗage murfin a hankali.

"To Manaja, bismilla. Ƙirga tayoyin, murza su. Buɗe gaban ka ga inji. A'a, bar wannan tukuna, sunkuyo nan. Leƙa ta gilashin gaba."

Manaja ya sunkuya.

"Ka ga sitiyari? Ka ga giya? To ɗaga idonka sama kaɗan, daidai tsakiya. Ka ga madubin? Wannan mai shagon da kansa ya ce shi yake kayar da kowa. Ba rami, ba alama, ido ne kawai. Dube shi yadda ya zauna. Ka gan shi?"

Shiru ya ɗan yi tsawo. Direba ya ɗauka mamaki ne, ya ji daɗin shirun har cikin ƙashinsa.

"Na gani, Baba," in ji Manaja, muryarsa ta yi ƙasa. "Ta yi kyau. Wallahi ka yi ƙoƙari."

"Ban tambaye ka ƙoƙari ba. Akwai kuskure?"

Manaja ya miƙe tsaye. Ya dubi fuskar mahaifinsa, fuskar da rabon da ya gan ta a sake haka har ya manta. Mutumin da ke sallamar ma'aikata a ofis ba tare da ya ƙifta ido ba, yau bakinsa ya ƙi buɗuwa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin ya ajiye a kan tebur, kusa da ƙaramar motar.

"Kada ka ba shi."

Muryarta ce, daga bakin ƙofa. Ba ta ɗaga ta ba.

"Mama, bari kawai, daga baya ma yi..."

"Ba wani daga baya. Baban Manaja, gilashin nan ya yi fari. Fari fat, tun daga sama har ƙasa, har na gefen ya shafa. Ba a ganin sitiyari, ba a ganin madubi, ba a ganin komai a ciki. Yaron nan kunyarka yake ji."

"Ƙarya kike yi."

"Ban taɓa yi maka ba."

"Ga shi ina kallo! Ga madubin can!" Ya nuna da yatsa. Ya juya wajen ɗansa. "Kai, faɗa mata."

Manaja ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Direba ya sunkuya a kan motar har hancinsa ya kusa taɓa ta. Abin da ya gani shi ne abin da ya gani jiya, shi ne kuma abin da yake gani in ya dubi taga, ko fuskar mutum, ko titi: haske mai hazo-hazo, da inuwar abubuwan da ya riga ya san suna wurin. Ya buɗe 'yar ƙofar direba ya zura ɗan yatsa, ya shafa gilashin ta ciki. Jiya santsi ne. Yau ya ji shi da ɗan kaushi, kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Ya murza, bai fita ba. Ya daɗe da yatsan a wurin.

Ya ja kujera ya zauna. Da ya yi magana, ba ɗansa ya kalla ba.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun da na shigo shara."

"Na tambaye ki, kika ce kin gani. Kika bar ni na kira yaro, na tsaya a gabansa ina nuna masa abin da babu."

"Na bar ka."

"Da kin faɗa mini, da na je wurin mai shago na samo wani gilashin. Da na ce wa yaron nan ya bari sai wani makon."

"Na sani. Shi ya sa ban faɗa ba." Ta jingina da ƙofar. "Da ka canja gilashi, ka karɓi makulli, mu koma titi. Ka san yadda nake zama a motar nan? Tun bara nake yi maka gani. In ce ga rami, in ce ga mai keke, in ce danja ta yi ja, kana ce mini na cika surutu. Ranar babur ɗin nan jakata na sunkuya ɗauka, shi ke nan abin da na yi, na ɗauke ido na ɗan lokaci. A wurin nan yara suke tsallakawa in an taso daga makaranta. Ka ƙi ni in za ka ƙi ni, Baban Manaja. Na gaji da tuƙi ba sitiyari a hannuna."

Ya so ya ce mata wani abu mai zafi, irin wanda ba a mantawa, kuma yana da su da yawa a baki. Amma duk wanda ya ɗauko sai ya ga ba zai goge gilashin ba. Abin da ya fi ci masa rai, aikin ya yi kyau. Madubin yana nan a ciki, a miƙe, daidai tsakiya, shi ya sa shi da hannunsa, kuma ba wanda zai taɓa ganinsa.

"Baba," in ji Manaja a hankali, "ranar Litinin in zo mu je wurin likitan?"

Direba ya juya fuskarsa wajen taga, inda tamfol ɗin yake, wani dogon abu mai duhu a tsakiyar haske.

Manaja ya ɗan jira. Da ya ga ba amsa, sai ya matso gefen tebur a hankali, ya rufa tafin hannunsa a kan makullin, ya damƙe shi tam kafin ya ɗaga, don kada ya yi ƙara. Ya yi iya ƙoƙarinsa, yaron kirki. Sai dai kunnen Tsohon Direba lafiyarsa ƙalau.